Suna a Nahawun Turanci: Rabe-rabe, Jinsi da Adadi

Suna a nahawun Turanci kalma ce da ake ambaton mutum ko dabba ko wuri ko wani abu da ita, ko abin na gani da ido ne ko na tunani. Shi ne rukunin da ya fi kowane yawan kalmomi a harshen, kuma kullum ƙaruwa yake yi. A Turancin yau ƙirar suna ba ta sauyawa sai don abu biyu, wato jam'i da mallaka. Ba haka take ba a da.

Rabe-raben suna

Tsarin da ake koyarwa a makarantu ya samo asali ne daga nahawun Latin. Littafin nahawun Turanci na farko da aka rubuta da Turanci, na William Bullokar a 1586, a kan ma'aunin Latin aka gina shi, kuma waɗanda suka biyo baya sun daɗe suna bin wannan sawu.

Akwai sunan yanka, irin su London da Mary, wanda ake fara rubuta shi da babban harafi, sai gama-gari irin su river da teacher. A ƙarni na 17 da na 18 masu ɗab'i a Ingila sukan sa babban harafi a kan gama-gari ma idan sun ga yana da muhimmanci, al'adar da ta dusashe wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ana kuma bambanta sunan abin da ake iya taɓawa da na abin da ba shi da jiki, kamar courage. Tattarau kuwa shi ne sunan taro, irin su team da committee. A Birtaniya akan haɗa shi da aikatau na jam'i, a ce the team are, a Amurka kuma an fi cewa the team is.

Rabon da ya fi tasiri a ginin jimla shi ne na masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Furniture da advice da information da equipment ba sa ɗaukar jam'i a daidaitaccen Turanci, sai a ce a piece of advice. A Turancin Nijeriya ana yawan jin furnitures da equipments, malamai kuma na ja musu jan biro a takardun jarrabawa.

Jinsi

Tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi daga wajen ƙarni na 5 zuwa kusan 1100, yana da jinsi uku: namiji, tamata, da na uku wanda ba namiji ba ne ba kuma tamata ba. Kowane suna da nasa jinsin, kuma ba lalle ne ya dace da halittar abin ba. Stan, wato dutse, namiji ne. Sunne, rana, tamata ce, mona kuma, wata, namiji, wanda ya yi daidai da yadda Hausa ta raba su. Wif, wadda ke nufin mace, a jinsi na uku take, haka ma mægden, budurwa. Wifmann kuwa, wadda ta zama woman, namiji ce a nahawu, saboda gaɓarta ta ƙarshe mann namiji ne. Ana gane jinsin ne daga kalmar nuni da ke gaban suna, se ga namiji, seo ga tamata, þæt ga na uku, da kuma ɗafa-ƙeyar sifa, wato ƙarin da ake liƙa mata a ƙarshe.

Rushewar tsarin ta faro daga arewacin Ingila ta gangaro kudu. Wasulan ƙarshen kalmomi sun raunana har ɗafa-ƙeya iri-iri suka koma kama ɗaya, kalmomin nuni kuma suka haɗe suka zama the guda. Sashen ƙarshe na tarihin da aka rubuta a garin Peterborough da ke gabashin Ingila, wanda ya tsaya a 1154, ya nuna jinsin nahawu ya kusa ɓacewa a wannan yanki. A Kent, can kudu maso gabas, ɓurɓushinsa ya kai ƙarni na 14. Wasu masana na ganin cuɗanya da 'yan Sikandinabiya da suka zauna a arewa da gabashin ƙasar tun ƙarni na 9 ce ta hanzarta lamarin, wasu kuma na cewa sauyin furuci kaɗai ya isa ya jawo shi.

Abin da ya rage a yau jinsin halitta ne, kuma a wakilin suna yake fitowa: he, she, it. Wannan ya sha bamban da Hausa, inda kujera da riga dole su zama mata. Ana nuna namiji da mace da kalmomi daban, kamar king da queen, ko da ɗafa-ƙeyar -ess da ta shigo daga Faransanci bayan mamayar da Normawa daga arewacin Faransa suka yi wa Ingila a 1066, kamar lioness da actress. Vixen, macen yanyawa, ta riƙe tsohuwar ɗafa-ƙeyar tamata ta -en, ba ta da abokiya a harshen yau. A widow da widower, daga sunan mace aka ciro na namiji, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Litattafan makaranta na ƙara jinsin tarayya, wato na namiji da mace duka, ga kalmomi irin su child da doctor.

Ma'aikatan jirgin ruwa sun daɗe suna kiran jirgi she. Jaridar harkokin jiragen ruwa ta Lloyd's List ta koma amfani da it a 2002. Kalmomin da ba sa nuna namiji ko mace, irin su chairperson da firefighter, sun yaɗu tun daga shekarun 1970. Amfani da they ga mutum ɗaya ya faro tun ƙarni na 14, amma har yanzu ana jayayya a kansa.

Adadi

Adadi biyu ne, tilo da jam'i. Tsohon Turanci yana da na uku a wakilin suna, wit, mu biyu, da git, ku biyu, ya kuma ɓace wajen ƙarni na 13.

Mafi yawan sunaye na yin jam'i da -s ko -es. Asalinta -as ce, wadda a da ta rukuni ɗaya ce kawai ta sunaye maza, kamar stanas, duwatsu, daga baya ta mamaye saura. Furucinta uku ne: s a cats, z a dogs, iz a horses. Wasu sunaye masu ƙarewa da f na mayar da ita v, kamar wolves da knives, domin a tsohon harshen f tsakanin sautuka masu ziza, wato waɗanda maƙogwaro ke kaɗawa wajen furta su, v ake furta ta. Roofs da chiefs ba su bi wannan ba.

Sauran hanyoyin duk gado ne. Jam'in -en ya taɓa yin ƙarfi a kudancin Ingila, ana cewa eyen da shoon, yanzu sai oxen da children da brethren. Children jam'i ne riɓi biyu: tsohon jam'in cildru ne, aka sake ɗora masa -en. Feet da teeth da geese da mice da men sun fito ne daga wasalin i da ke ƙarshen jam'in tun kafin a fara rubuta harshen. Ya ja wasalin tsakiyar kalma zuwa gaban baki, sannan shi ya faɗi. Sheep da deer suna cikin tsoffin sunayen jinsi na uku da ba su da alamar jam'i tun asali.

Kalmomin aro kan zo da jam'insu: criterion da criteria daga Girkanci, cactus da cacti ta hanyar Latin. Data jam'in datum ce, amma yanzu da yawa na ɗaukar ta tilo mara ƙirguwa, agenda kuma ta riga ta zama tilo. Scissors da trousers ba su da tilo, news da mathematics kuma kamar jam'i suke a ido amma aikatau na tilo suke ɗauka. A harɗaɗɗen suna alamar kan hau babbar kalma, kamar mothers-in-law da passers-by.