Karanta tsofaffin labaran ban tsoro a fodkas (shirin murya na intanet): tambayoyin masu farawa

Sai ina da murya mai firgitarwa kafin in fara?

Ko kusa. Yawancin waɗannan labarai mutum ne mai hankalinsa yake ba da labarin abin da ya gagare shi fahimta. M. R. James, malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, yakan tara abokansa lokacin Kirsimeti ya karanta musu labaran fatalwa a hasken kyandir, kundinsa na farko kuma ya fito a 1904. Wato don kunne aka rubuta su tun asali. Idan ka kumbura murya tun layin farko, me ya rage maka sa'ad da abin ya iso bakin ƙofa?

To ta ina tsoron zai shigo?

Ta wajen shiru. Ɗauki labarin hannun biri na W. W. Jacobs, na 1902. Injin masana'anta ya kashe wa wasu tsofaffi ɗansu, uwar ta matsa wa mijin ya roƙi hannun birin, wanda ke biyan buƙata uku, ya dawo da shi. Can cikin dare sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tana kokawa da sakata, shi kuma yana lalube a ƙasa yana neman hannun don ya yi roƙo na ƙarshe kafin ta buɗe. Marubucin bai taɓa nuna mana abin da ke waje ba.

A nan kada ka yi sauri. Faɗi ƙwanƙwasar farko a hankali, ka yi tsit na daƙiƙa biyu ko uku. A gaban makirufo wannan shirun zai yi maka kamar shekara, har bakinka ya riƙa ƙaiƙayin cike shi. Daure. A cikinsa ne tsigar jikin mai sauraro ke tashi, domin shi da kansa yake zana abin da ke tsaye a waje, kuma nasa zanen ya fi naka muni.

In sa kiɗa da kukan iska?

Kaɗan, a buɗewa da rufewa. Ni dai da na ji ƙarar ƙyaure da dariyar mugu sun yi yawa, sai dariya ta kama ni.

Ba zan taka haƙƙin mallaka ba?

A ƙasashe da dama haƙƙin yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Cikin marubutan labaran ban tsoro, Edgar Allan Poe ya mutu a 1849, Bram Stoker a 1912, saboda haka nasu ya zama na kowa, kuma ana samun su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Amma fassara tana da nata haƙƙin daban, haka ma kiɗan da za ka ɗora.

Wane kayan aiki nake bukata?

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Nemi mai labule da tufafi, wanda ba ya amsa-kuwwa, ka kashe fanka. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkata shi don kada numfashi ya buge shi. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa gyaran murya.

Da gajere zan fara ko da dogo?

Gajere. Karatun natsuwa kusan kalma 150 ne a minti, labari mai kalma 3,000 zai ci minti 20. Dracula, littafin Bram Stoker na 1897, kuwa wasiƙu ne da littattafan ajiye sirri na mutane daban-daban, kowa da irin maganarsa. Ajiye shi sai ka iya sauya mai magana ba tare da ka maƙale murya ba.