Rakam Muwahhad da Rakam Majjani: Me Lambobin 9200 da 800 Ke Nufi?

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Makka, ko da na wata guda ne, idonsa ya saba da wasu lambobin waya da ba su yi kama da na mutane ba. Suna jikin motocin kai kaya, suna allon asibitoci masu zaman kansu, suna bayan katin banki. Ba su fara da 05 irin na jawwal, wato wayar hannu, ba, ba su kuma fara da 012 irin na wayar tebur ba. Wasu sun fara da 9200, wasu da 800. Larabawa na kiran ta farko rakam muwahhad, ta biyu kuma rakam majjani. Yaranmu da aka haifa a nan haka suke faɗa ko da Hausa suke yi, sai ka ji an ce "kira su a muwahhad ɗinsu."

A Saudiyya lambar wayar tebur takan tona asirin garin da take. Idan ka ga 011, Riyad ce. 012 ta Makka ce da Jidda da Ɗa'ifa, 013 ta gabas su Dammam, 014 ta Madina da Tabuka. Kafin 2013 ma gajeru ne, 01 da 02 da 03, aka zo aka cusa 1 a tsakiya. To lambobin 9200 da 800 ba su da gari. Wanda ke Jizan da wanda ke Tabuka abu ɗaya za su danna, ba kuma wanda zai gane ko ofishin yana Riyad ne ko yana wani ɗaki a saman shago a Bab Sharif da ke Jidda.

Muwahhad daga kalmar wahid ta fito, wato ɗaya. Haɗaɗɗiyar lamba ke nan, guda ɗaya da ta tattara dukkan rassan kamfani. Alƙalumanta tara ne. Majjani kuwa kyauta ke nan, alƙalumanta goma. Bambancinsu na gaskiya yana wajen biyan kuɗi. A 800, mai kira ba ya biyan ko halala ɗaya, mai lambar ne ke ɗaukar nauyin kowane minti. A 9200, mai kira yana biya, mai lambar ma yana biyan kuɗin haya ga kamfanin waya. Mutane da yawa na ɗauka duka biyun kyauta ne saboda sun ga lambar kamfani ce. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na kira wani kamfanin kai saƙo a kan kunshin da ya maƙale. Muryar na'ura ta ce in danna ɗaya don Larabci, in danna uku don bin sawun kaya, sannan ta sa mini kiɗa tana maimaita cewa kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Ina tsaye a inuwar wani baƙala, wato kantin kayan masarufi, waya a kunne, gumi na bin wuyana, sai layi ya yanke. Da na duba, kuɗin kiran da na sa da safe ya ƙare ƙaf, ban kuma ji muryar ɗan Adam ba.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, waɗannan lambobi ba su da igiya, ba su da katin da ake sawa a waya. Suna zaune ne a kwamfutar kamfanin sadarwa, irin su STC da Mobily da Zain, kamar ɗan aike a bakin ƙofa. Kira ya shigo, sai a tura shi zuwa wayar da mai lambar ya zaɓa. Yana iya cewa wanda ya kira daga yankin Makka a kai shi reshen Jidda, wanda ya kira bayan isha'i a kai shi wayar mai kwanan aiki, idan layin farko yana magana a wuce na biyu. Ka tashi daga Hindawiyya ka koma wata unguwa, ko ma wani gari, lambarka tana nan yadda take. Wannan ne ainihin abin da ake saye. Sauran duk kwarjini ne.

Dabarar ba ta nan ba ce. Kamfanin AT&T ne ya fara lambar 800 a Amurka a 1967, lokacin da kiran wani gari yake da tsadar da sai mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga waya. Ɗan kasuwa ya ce wa mai saye, kira ni, ni zan biya. A wancan zamani babbar kyauta ce. A Najeriya ma akwai irinsu, 0800 ta kyauta da 0700 wadda mai kira ke biya.

Yanzu a zo kan tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙaramin ɗan kasuwa, irin mutanenmu masu kago, wato aika kaya, da tela da masu tuwo da masu sayar da dabino da jallabiya, shin ya dace ya nemi irin wannan lamba?

Na taɓa zama a shagon wani dattijo mai aika kaya zuwa Kano, ana ta auna buhuna da akwatuna ana rubuta suna da baƙin alƙalami, sai ɗan ƙanensa da ya gama karatun kasuwanci ya kawo maganar.

"Baba, ya kamata mu yi 9200. Duk wanda ya gan ta a jikin mota ya san kamfani ne na gaske."

Dattijon bai ɗago daga kan sikeli ba. Ya ce, "Ɗana, miƙo min wayar can." Ya buɗe WhatsApp ya juya masa fuskarta. Saƙon murya ne jere, daga Kano, daga Zariya, daga Maraɗi, ga hoton rasit, ga hoton akwati an zagaye shi da jan layi. "Wa ya kira ni a cikin waɗannan? Hajiyar nan ta Fagge so take ta ji muryata in ce mata kayanta sun tashi. Ka sa mata na'ura ta ce danna ɗaya, gobe ta kai kayanta shagon maƙwabci."

Ina ganin dattijon ya fi yaron gaskiya, kodayake yaron bai yi ƙarya ba. Kwarjinin gaske ne. Balarabe ko kamfanin da bai san ka ba, idan ya ga 9200 a takardarka, yakan ɗauka kana da ofis da ma'aikata. Amma cinikin Bahaushe a ƙasar nan ba a kan wanda bai san ka ba yake tafiya. Wani ne ya ce wa wani je wurin wane. Lambar jawwal ɗinka, wadda za a iya ajiyewa da sunanka a aika maka hoto da murya, ita ce shaidar cewa akwai mutum a bayanta da za a iya kamawa idan kaya ya ɓata.

Ga kuma matsalar da ta fi shafarmu. Lambar 800 ta cikin gida ce. Galibi ba ta shiga daga ƙasar waje, shi ya sa za ka ga bankuna suna buga lamba biyu, ɗaya ta cikin masarauta, ɗaya mai +966 don wanda ke waje. Idan rabin masu nemanka suna Najeriya ko Nijar, ka sayi ƙofar da ba za su iya shiga ba. Alhajin da ya zo da layinsa na gida yana yawo da shi, shi ma kada ya sa rai da kyauta, domin kamfaninsa na can ne ke yi masa lissafi. Ta 9200 takan shiga daga waje, amma da kuɗin kiran ƙasa da ƙasa, alhali saƙon murya bai ci masa komai ba sai ɗan data.

Sai lissafin aljihu. Akwai kuɗin buɗewa, akwai na wata-wata ko an kira ko ba a kira ba, lamba mai daɗin haddacewa kuma farashinta daban. A kan duka akwai harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya tun Yulin 2020. A 800 sai a ƙara kuɗin minti. Ka san mutanenmu da gaisuwa. Kafin a zo kan farashin kilo an tambayi iyali, an tambayi zafi, an tambayi labarin gida, kai kuma mita tana gudu a kanka. A ce kira talatin ne a rana, kowanne minti biyar, minti 150 ke nan kullum, minti 4,500 a wata, cikinsu har da wanda ya kira don ya ji farashi ya tafi wani wuri.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Ba a ba mutum irin wannan lamba don yana da iƙama, wato takardar izinin zama, kawai. Ta kamfani ce, ana neman sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, kuma da sunan mai sijil ɗin ake rubuta ta. Wanda ke aiki a ƙarƙashin wani ya tuna da wannan kafin ya buga lambar a leda da kwali da jikin mota. Ranar da aka rabu, lambar ba za ta biyo shi ba, masu kiranta ma haka.

To wa ta dace da shi? Wanda ya kai reshe biyu ko uku, a ce Jidda da Makka da Madina, har mutane sun fara rikita lambobi. Ko wanda wayarsa ɗaya ta kasa ɗaukar kira, kullum ana cewa an kira an ji yana magana. Ko mai neman kwangilar otal-otal da kamfanonin jigilar alhazai, inda ake duba takarda kafin a duba fuska. Irin wannan 9200 za ta yi masa amfani, musamman da yake tana nuna masa kira nawa ya shigo, nawa aka rasa, da wane lokaci ne aka fi nemansa. Sharaɗin dai ya ajiye wanda zai ɗauka, mai Larabci da Hausa, domin lambar kamfani da ke ƙara ba a ɗauka ta fi jawwal zubar da mutunci. Ta 800 kuwa, a ganina, a bar wa bankuna da kamfanonin inshora, waɗanda yawancin masu kiransu ƙorafi suka zo da shi kuma bai kamata a caje su a kansa ba.

Yaron nan dai bai samu 9200 ɗinsa ba. Abin da aka yi shi ne aka sayi layi na biyu da sunan shagon, aka sa masa WhatsApp Business, aka rubuta lokutan buɗewa da farashin kilo a ciki, aka ba shi wayar ya riƙe. Da na koma bayan aikin Hajji na tarar da shi zaune kan wani akwati, waya a bakinsa, yana cewa, "Wallahi Hajiya sun tashi tun Talata, bari in turo miki hoton takardar."