Ba Tsufa Ne Ya Rushe Fadar Corfe Ba

Wanda ya ga kangon fadar Corfe a kan tudu a kudancin Ingila zai ɗauka tsufa da ruwan sama ne suka cinye ta. Ko kusa, da gangan aka rushe ta. Iyalan Bankes da suka saye ta a 1635 sun goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya a yaƙin basasar da ya gwabza da majalisar dokokin Ingila. A 1643 uwargida Mary Bankes da 'yan tsirarun mutanenta suka hana dakarun majalisa shiga, suna zubo musu duwatsu da garwashi daga saman katanga. Abin takaici, a 1646 wani hafsanta ya ci amana, fadar ta faɗa hannun dakarun majalisa. Majalisa ta sa aka fasa ginin da albarushi, mutanen ƙauyen suka kwashi duwatsun suka yi gini.