Me ya sa kwamfuta ke tsayar da likita kafin gwajin bayan gida a Amurka?

A asibitocin Amurka da dama, idan likita ya danna neman gwajin ƙwayar C. difficile, wata ƙwayar cuta ta hanji mai sa zawo, kwamfuta kan tare shi da tambayoyi. Mara lafiyan nan ya yi zawo sau 3 cikin awa 24? An ba shi maganin sakin ciki cikin awa 48 da suka wuce? An riga an yi masa wannan gwaji cikin kwana 7? A wasu asibitocin gargaɗi ne kawai, likita ya danna ya wuce. A wasu kuwa ƙofa rufe take, sai ya rubuta dalili ko ya nemi izini.

Tambayoyin an ɗauko su ne daga ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci na IDSA da SHEA na 2017. Ƙwayar ba abar wasa ba ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta ƙwayar ta kama kusan mutum rabin miliyan a ƙasar a 2011, kuma sau da yawa bayan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta take tasowa. Matsalar tana wajen gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayoyin halittar ƙwayar a bayan gida. Yana gano ƙwayar ko da zaman lafiyarta take yi a hanji ba ta fitar da dafi. Tsohuwar da aka ɗura wa maganin sakin ciki da safe, da yamma cikinta ya saki, a gwada, sakamako ya nuna akwai ƙwaya. Sai a killace ta a ɗaki ita kaɗai, a dinga ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na vancomycin, alhali ba ƙwayar ce ta sa ta zawo ba.

Amma fa akwai kuɗi a ciki, kuma nan ne nake ɗan ɗaga gira. A lissafin CDC, sakamakon da aka ɗauki samfurinsa daga rana ta 4 da kwantar da mutum, ana ɗaukarsa a asibiti aka kamu da cutar, ko da mutumin ya shigo da ƙwayar daga gida. Ƙarƙashin dokar lafiya ta Obama ta 2010, Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, na zaftare kashi 1 cikin 100 na kuɗin da yake biyan kashi ɗaya cikin huɗu na asibitocin da suka fi muni wajen irin waɗannan cututtuka. Asibitin da ya rage gwaji, alƙalumansa sun yi kyau ko cutar ta ragu ko ba ta ragu ba.

Shi ya sa dole a bar wa likita ƙofar wucewa. Mai zazzaɓi da kumburin ciki da fararen ƙwayoyin jini sun hau, a gwada shi, ko da ya sha maganin sakin ciki jiya.