Waiwaye: Ciwon MS, gado da haihuwa

A wani gida a Kubwa, nan Abuja, na fara jin tambayar. An sa ranar yarinya 'yar shekara 26, sai idonta na dama ya dusashe, ƙafarta ta riƙa nauyi kamar ba tata ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, wasu sun ce sammu ne. Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar MRI likitan jijiyoyi ya faɗi sunan ciwon: MS, wato multiple sclerosis da Turanci. Da labari ya kai gidan ango, gwaggonsa ta zo da kanta ta ce wa mahaifiyar yarinyar: "Hajiya, ki yi haƙuri da ni, abu biyu muke son sani. Gado ne? Kuma za ta haihu?"

Ban ga laifin gwaggo ba. Likitocin duniya ma sun fi shekara 100 suna juya waɗannan tambayoyi biyu, kuma amsar da suka daɗe suna bayarwa ta cuci mata da yawa.

Jijiyoyi da yawa a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga mai maiƙo, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A ciwon MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci wannan riga, saƙo ya daina wucewa daidai. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ciwon a 1868 a birnin Faris. A 2020 an ƙiyasta mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya. Mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku, kuma ya fi kamawa tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai lokacin aure da goyo.

Shi ya sa zancen ciki ya shigo tun farko. Har cikin ƙarni na 20 likitoci da dama suna hana mai MS ɗaukar ciki, wasu har su ba da shawarar a zubar, bisa zaton ciki na tunzura ciwon. Hujjar ba ta wuce 'yan matan da kowane likita ya gani a ɗakinsa ba. Sai a 1998 Christian Confavreux na birnin Liyon da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin mata 254 a ƙasashe 12 na Turai, tun suna da ciki har shekara guda bayan haihuwa. Abin da suka gani ya kifar da tsohon zato. Ciwon lafawa yake yi da ciki, a watanni uku na ƙarshe tashinsa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Dalili kuwa, jikin uwa kan sassauta garkuwarsa don kada ya yaƙi ɗan da ke cikinta, sai jijiyoyi su samu sararawa. Haɗarin yana watanni uku na farko bayan haihuwa, inda ciwon kan taso fiye da yadda yake kafin ciki, daga nan ya koma yadda ya saba.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, domin wannan lokaci shi ne jego. An daɗe da sanin zafi na ƙara wa mai MS alamomi na ɗan lokaci: ido ya ƙara dusashewa, ƙafa ta saki. Har akwai zamanin da likitoci ke sa mutum cikin ruwan zafi don su gane ko MS ke damunsa. To, ga mai jego da ake yi wa wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in. Zafin ba ya ƙara lalata jijiya, amma yana iya sa ta faɗi a bayi. Ina ganin wajibi ne uwa da unguwarzoma su san wannan. Haka batun magani: allurar intaferon ta maganin MS, wadda aka fara amincewa da ita a 1993, hukumar magunguna ta Turai ta yarda a 2019 a yi amfani da ita da ciki in akwai buƙata, da kuma lokacin shayarwa, alhali wasu ƙwayoyin kamar teriflunomide na iya cutar da ɗan tayi. Don haka da likita ake shirya cikin tun kafin a ɗauka.

Tambayar gado ita ta fi rikita mu, saboda sikila muka sani. Mun saba da gwajin jini kafin aure, AS da AS, kowane ciki kashi 25 cikin 100. MS ba haka take ba, babu ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ga ta. A 1972 aka fara gano alaƙarta da ƙwayoyin gadon da ke koya wa garkuwar jiki bambance nata da baƙo, kuma wadda ta fi ƙarfi a cikinsu ninka haɗarin kawai take yi kamar sau uku. Aka yi shekara 35 ana lalube kafin a 2007 a tabbatar da wasu biyu. A 2019, bayan duba masu ciwon fiye da 47,000, adadin ya kai 233, kowace da ɗan tasirinta kaɗan. Tagwaye sun fi komai bayyana lamarin: ko da na ƙwai ɗaya ne, in Hassana ta kamu, kusan sau uku cikin huɗu Usaina ba ta kamuwa. Ɗan da uwarsa ke da MS kuwa, haɗarinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba.

Sauran ba gado ba ne. Akwai ƙarancin bitamin D, da shan taba, da ƙiba a ƙuruciya. A 2022 masanan Jami'ar Harvard sun bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin sau 32. Ƙwayar da aka gano a 1964 a cikin wani ciwon daji da ke kama yaran Uganda ce, kuma kusan kowane baligi na ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba. A 2024 kuma, binciken tsofaffin ƙasusuwa ya nuna makiyayan Yamnaya, mutanen dā na filayen Ukraine da kudancin Rasha, su ne suka kai da yawa daga ƙwayoyin gadon da ke ƙara haɗarin MS arewacin Turai shekara 5,000 da suka wuce, da alama don suna kare su daga cututtukan da ake ɗauka daga shanu da tumaki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk wannan ilimi daga jinin Turawa aka tattaro shi. An daɗe ana koyar da cewa MS ba ciwon baƙar fata ba ne, har sai da bincike a Kalifoniya a 2013 ya nuna baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa a can. A nan, inda likitan jijiyoyi ke wuyar samu, hoton MRI kuma ya fi ƙarfin talaka, wa ya ƙirga matan da aka ce aljanu ne suka shanye musu ƙafa? Ga kuma wani ciwo mai kama da MS da ke cin jijiyar ido da laka, wanda ya fi yawa a baƙar fata. Sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke raba su, kuma wasu magungunan MS ƙara tsananta shi suke yi.

A Abuja akwai ɗaya daga cikin rumbunan adana samfurin jini na shirin H3Africa, wanda aka kafa a 2010 don binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka. Ina fatan ganin ranar da za a yi rajistar masu MS a ƙasar nan, jinin mata irin yarinyar Kubwa ya shiga lissafi. Ita dai an ɗaura aurenta, bayan gwaggo ta bi su asibiti ta ji da kunnenta.