Waiwaye: Likitan Jamus da ya sauya yadda ake yi wa mai naƙuda aiki

Kafin shekarun 1880, da wuya macen da aka fiɗa a ciro mata jariri ta tashi. Likitoci kan tsaga mahaifa su bar ta ba ɗinki, don sun ɗauka ƙullewar da take yi bayan haihuwa za ta tsinka zaren. Sai jini ya ƙare, ko ciwo ya ruɓe. A 1876 Edoardo Porro na Italiya ya kawo tasa dabarar: a ciro jariri, a cire mahaifar. Mata sun fara rayuwa, amma haihuwa ta ƙare musu ke nan.

A wannan hali Ferdinand Adolf Kehrer ya tarar da aikin. An haife shi a 1837 a Guntersblum, ya koyar a Giessen, sannan a 1881 aka ba shi shugabancin asibitin mata na Jami'ar Heidelberg.

A ranar 25 ga Satumban shekarar aka kira shi ƙauyen Meckesheim, wajen wata mata mai shekara 26 da laushin ƙashi ya matse wa ƙugu, jariri ba hanyar fita. A ɗakinta aka yi aikin, da hasken fitila. Maimakon ya tsaga mahaifar a tsaye ta sama, sai ya yanka a gicciye ta can ƙasa, inda naman bai da kauri kuma bai cika motsi ba, ya ɗinke ta hawa biyu. Uwa da jariri duk suka rayu.

Sai dai abokan aikinsa ba su bi shi ba. A 1882 Max Sänger na Leipzig ya fito da yanka a tsaye mai ɗinki, wanda ya fi sauƙin yi, kowa ya raja'a a kai. Ni dai ina ganin saurin hannun likita aka duba, ba makomar matar ba, domin tabon sama ya fi saurin fashewa a ciki na gaba.

Kehrer ya rasu a 1914. Sai a 1926 Munro Kerr na Glasgow ya farfaɗo da yankan ƙasan, wanda yau shi ake yi wa mafi yawan matan da aka yi wa aiki, kuma littattafan likitanci da dama da sunan Kerr suke kiran sa.