Hedimasta a makarantar firamare ta Najeriya

Hedimasta shi ne shugaban makarantar firamare, in mace ce a ce hedimistires, na sakandare kuwa firinsifal ake ce masa. A Najeriya yana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne, shi kuma sakataren yana ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, can sama a Abuja ga UBEC, takwararta ta tarayya, wadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa, bayan Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999.

A da wannan kujera tana da ƙima sosai a Arewa. Abubakar Tafawa Balewa ya riƙe hedimasta a Midil ta Bauchi, Shehu Shagari ya riƙe a Argungu, Malam Aminu Kano kuma ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru kafin ya tsunduma siyasa. Lokacin hedimasta shi ake kai wa wasiƙa ya karanta, shi ake tuntuɓa in za a yi wani abu a gari.

Aikinsa na yau da kullum yana farawa tun kafin asambuli, ya duba littafin sa hannu ya ga waye ya zo waye ya makara, ya duba rajistar kowane aji, ya karɓi tsarin darasin malamai ya sa masa jan biro, sannan ya zaga ajujuwa, don akwai malamin da zai sa hannu ƙarfe bakwai da rabi amma yana gindin bishiya ana hira har a tashi tara. Hedimasta na gari ba ya tsayawa a faɗa kawai, yakan shiga aji ya zauna a bencin baya ya saurari darasi, in an fito ya ja malamin gefe su gyara ba a gaban yara ba. Wannan kam ya fi takardar tuhuma aiki nesa ba kusa ba.

Babbar matsalar dai ita ce nauyi a kansa yake amma iko ba a hannunsa yake ba. Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke biyan albashi ko yin tiransifa ba, kuma tunda karatun firamare kyauta ne a doka ba shi da damar karɓar kuɗin makaranta, to in iska ta yaye kwanon aji ko alli ya ƙare sai dai ya rubuta ya jira, wasu ma daga aljihunsu suke saye.

Nan ne iyaye suke shigowa. Ban da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC da ake kafawa a makarantun gwamnati, ciki da mai unguwa ko wakilin dagaci, limami, iyaye mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a har da wakilan yara, hedimasta kuma shi ne sakatare. Inda kwamitin yake da rai za ka ga kafinta ya gyara benci kyauta, an zagaye makaranta da katanga, ƙungiyar iyaye mata na bi gida-gida suna lallashi a bar yarinya ta je aji kafin ta ɗauki farantin talla. Inda kuwa aka rubuta sunaye kawai don sufeto ya gani, shekara sai ta wuce ba a yi zama ko ɗaya ba, kuma yawanci bambancin daga hedimastan ne, ko yana zuwa wajen mutanen gari da kansa ko yana ofis yana jira su zo.

Mafi ƙarancin takardar koyarwa yanzu NCE ce, tare da rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa a 1993.